Yadda Mai Neman Aure A Maitama Zai Zaɓi Gahawar Da Ta Dace Da Bakinsa

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawarin abu biyu: za a riƙa kiran ka masanin gahawa, kuma za ka auri Mashkura. Ban taɓa ɗora mutum a kan wannan hanya ya dawo hannu Rabbana ba.

Na san ka sarai. Kai ne mai haya a Karmo, mai aiki a wata ma'aikata a sakatariya. Tun da ka zo Abuja ba ka taɓa karya kumallo a ko'ina ba sai a teburin Surajo mai shayi, inda madara take ji, sukari ya ji, a tsoma burodi har ya nutse. Sai ga shi Allah ya haɗa ka da Mashkura, 'yar Alhaji Abdulmajeed na Maitama, wadda ta je karatu waje ta dawo da digiri da kuma son gahawa. Ta ce ku haɗu ranar Asabar a wani shagon gahawa a Wuse. Ka ce mata to, da muryar wanda ya saba. Yanzu kana tsoron kofi ɗaya ya raba ka da ita. Kwantar da hankalinka, ka zo wurin da ya dace.

Mataki na 1: San abokin karawarka

Gahawa 'ya'yan wata bishiya ce da ake soyawa kamar gyaɗa, a niƙa, a tace da ruwan zafi. Duk rigimar a wurin suyar take, kuma iri uku ce.

Akwai wadda aka ɗan nuna wa wuta aka sauke. Masana sun ce suna jin ɗanɗanon furanni da 'ya'yan itatuwa a cikinta. Kai tsamiya za ka ji, wadda aka jiƙa aka manta ba a sa sukari ba.

Akwai matsakaiciya, ba tsami sosai, ba ɗaci sosai, tana karɓar madara hannu bibbiyu. Ita ce ta dace da bakinka, saboda haka ka manta da ita. Ba a neman 'yar Maitama da matsakaicin abu.

Sai baƙar, wadda ta sha wuta har ta yi maiƙo. Ka taɓa kankare ƙanzon tukunyar da aka manta a kan murhu? To, a jiƙa shi, a ƙara maɗaci. Wannan ita ce taka.

Mataki na 2: Shiga shagon kamar ka ga wanda ya fi shi

Kada ka yi sallama da ƙarfi. Kada ka tsaya karanta allon da ke bango, masani ba ya karatu a gaban mutane. Mai haɗa gahawar, wani Timothy, zai tare ka da murmushi ya ce, "Oga, sannu da zuwa. Wane roast kana so? Light, medium, ko dark?"

Kada ka amsa da wuri. Dubi sama tukuna, sannan ka tambaye shi, "Ta Habasha ce ko ta Mambilla?" Duk wadda ya ce, ka girgiza kai a hankali kamar kana tausaya masa. Daga nan sai ka ce, yadda Mashkura za ta ji, "Ba ni wadda ta fi shan wuta. Ba sukari, ba madara."

Timothy zai dube ka ya ce, "Oga, you sure? Wannan yana da ƙarfi fa." Yi dariya kaɗan. Da ma an ce namiji barkono ne, kuma barkono ba ya tambayar sukari.

Mataki na 3: Kula da fuskarka

Za a kawo maka ɗan kofi wanda bai kai na wasan yara ba. Kada ka nemi kofi na biyu don ka riƙa juyawa daga sama ta huce, kamar yadda Surajo yake yi. Kada idonka ya yi yawon neman burodi.

Shaƙi ƙamshin, ka lumshe ido, ka kurɓa.

Nan duniya za ta tsaya. Harshenka zai tambaye ka laifin da ya yi maka. Kada ka kula shi, haɗiye. Idan hawaye ya taru, ka bar shi, ka ce a hankali, "Tana da zurfi." Babu wanda ya san ma'anar wannan magana, shi ya sa babu mai musa ta.

Mashkura za ta ajiye kofinta ta ce, "Wallahi you're the first guy da na ga yana shan dark ba sugar. Kamar Abbana! Dole ku haɗu."

Ka ga aiki? Kurɓa ɗaya ta kai ka inda wasu suka shekara suna zarya ba su kai ba.

Mataki na 4: Riƙe kunya, makamin kakanninka

Ranar da za ka je gaishe da Alhaji, ka zauna a ƙasa, ka sunkuyar da kai. Mashkura da kanta za ta shigo da tire, kofi biyu, baƙi ƙirin. Kada ka firgita. Magabata sun tanadar maka mafita tun kafin a haife ka: suruki ba ya ci, ba ya sha a gaban suruki. Taɓa kofin da leɓe, ka ajiye, ka ce alhamdulillahi. Za a ce yaron nan akwai tarbiyya.

Sai dai fa Alhaji tsohon darakta ne, ya ga jiya ya ga yau. Zai ɗaga hannu ya ce, "A'a, a'a, mu nan gidan ba ma wannan. Feel at home. Shanye abinka, akwai ƙari."

To, a nan ilimina ya ɗan tsaya. Shanye.

Mataki na 5: Yaba

Kofi ya ƙare, ido huɗu na kallon ka. Dole ka ce wani abu. Ce, "Alhaji, ban taɓa shan irin wannan ba." Ba ka yi ƙarya ba.

Wasu za su tuna maka cewa a al'adarmu abin da baƙo ya yaba, da shi ake yi masa tsaraba. Rabu da su, 'yan baƙin ciki ne. Yaba da kyau. Ka ce ƙamshinta kaɗai ya isa ya tashi mara lafiya.

Za ka ga fuskar Alhaji ta yi wani irin haske. Zai miƙe da kansa, mutumin da direba ke buɗe wa ƙofa, ya shiga ciki ya fito da ƙunshi guda ya danƙa maka, ya riƙe hannunka ya daɗe bai saki ba. Kada ka tambayi dalilin wannan murna. Mai neman aure ba ya bincike.

Mataki na 6: Karɓi gara da godiya

An ɗaura aure, amarya ta tare, barka da arziki. Na cika alkawarina.

Yanzu saura gara, kayan abincin da dangin amarya ke kawowa gidan ango. Gwaggonka Zulai ta taso tun daga Zariya, ta zauna a tsakar gida da ƙawayenta tana jiran rabon alkaki da nakiya da dubulan. Za a sauke shinkafa, a sauke mai. Sai kuma a sauke wani buhu da mutum biyu suka ɗauko, da wata na'urar niƙa mai walƙiya, a ce wannan saƙo ne na musamman daga Alhaji zuwa ga ango.

Gwaggo Zulai za ta kwance bakin buhun, ta shinshina, ta ja da baya. "Ikon Allah! Wannan wace irin daddawa ce ta 'yan Abuja?"

Kada ka yi mata bayani. Idan ta ɗebi kaɗan za ta gwada a miyar kuka, ka bar ta, ko ba komai buhun ya ragu.

Mataki na 7: Koma wurin Surajo, amma a ɓoye

Daga yau kowace safiya amaryarka za ta tashi ta niƙa, ta tace, ta kawo maka, ta zauna tana kallon ka da alfahari. Ta riga ta gaya wa duk ƙawayenta cewa mijinta ba ya shan sukari. Shanye, ka ce tana da zurfi, ka ɗauki jakarka, ka zarce wurin Surajo ka wanke bakinka da shayi.

Da yake yanzu ba ka zuwa da sassafe kamar da, wata rana za ka tarar da wata babbar mota a fake can nesa. A kan bencin kuma wani dattijo ne ya ja hula har gira, ya naɗe hannun riga, yana tsoma burodi a kofin da madara ta yi wa yawa. Alhaji Abdulmajeed ne.

Surajo zai raɗa maka, "Ai tsohon kwastoma ne. Ya ce nan ne ba wanda ya san shi."

Yanzu ne kunyar da aka hana ka a Maitama za ta yi amfani. Zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ka ba shi baya. Shi ma zai ba ka baya. Ba da kai zai yi magana ba, da mai shayi zai yi.

"Surajo, gaya wa wanda ke bayana cewa ba mu ga juna ba."

"Ya ji, Alhaji."

"Ka gaya masa, tun da yarinyar nan ta dawo daga karatu take haɗa mini abin nan da hannunta kowace safiya. Ta cika mini sito da shi. Ta yaya zan dubi idonta in ce ba na so? Ranar da ya yaba, na san Allah ya kawo mini mafita."

Kada ka yi dariya, kada ka yi fushi. Ci gaba da tsoma burodinka. Daga nan muryarsa za ta sauka.

"Amma ka gaya masa, tun da ta tare, ba mai kawo mini kofin nan. Gidan ya yi mini faɗi. Jiya na tarar da ɗan ragowa a gwangwani, na haɗa da kaina, na zauna na shanye."

A wannan gaɓar ko ni ba ni da shawara. Ƙarasa shayinka, ka tashi.

Mataki na 8: Yanzu zaɓi gahawarka

Washegari za ka ji ƙarar na'urar niƙa daga kicin. Za ta shigo da kofin a hannu biyu, tana hura shi don kada ya ƙona ka, ta zauna a gefenka tana jira.

Ga zaɓi uku a gabanka kamar yadda na koya maka: mai tsami, matsakaiciya, da baƙa. Kana ma iya buɗe baki ka faɗi gaskiya, a sayo madara. Amma ka tuna akwai wani dattijo a Maitama da yake haɗa tasa shi kaɗai.

Karɓi kofin. Wadda ta dace da bakinka ita ce wadda ta kawo maka.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a rashin barci, bugun zuciya, rawar hannu a ofis, ko abin da ya sami miyar Gwaggo Zulai. Bai ce kowa ya yi ƙarya ba, zurfi kawai ya ce. Duk wanda ya bi matakan nan ya auri Mashkura, to buhun nasa ne, ba a mayarwa, ba a canzawa. Idan kuma Allah ya ba ka 'ya mace ta gaji uwarta, ka yi haƙuri har ta girma. Wani zai zo ya zauna a ƙasa ya yaba.