Cefanen Bisa-Ga-Bincike

Ba kowace unguwa ce ta yi dacen samun mutum irin Ciyaman ɗinmu ba. Shi ne shugaban Kwamitin Sauƙaƙa Rayuwa, kuma tun da aka kafa kwamitin, shekara shida ke nan, rayuwa ta sauƙaƙa ƙwarai, musamman a gidansa. Mutum ne mai tsari. Alƙalami uku yake saƙalawa a aljihun gaba: baƙi na sa hannu, ja na gyara kuskuren wasu, na ukun kuma babu tawada, na kwarjini ne. Ba ya buɗe baki sai ya fara da "Bisa ga bincike", har kalmar ta bi shi ta zama suna. Ko matarsa ta ce abinci ya nuna, sai ya ce bisa ga bincike da sauran minti biyu.

A da, in ɗan makaranta ya ce ya yi bincike, malami zai ce ya kawo littafin, a duba layi bayan layi, har a ga ko rubutun ya miƙe. Yanzu an ci gaba. Ciyaman daga kujerar bayan mota yake yin nasa, gilashi a rufe, kuma gaskiya ne bai taɓa hango tsada a kan titi ba.

Ana nan sai zaɓen kujerar ya matso. Kujerar kuwa ba ta wasa ba ce, domin da ita motar take tafe, da direban, da ofis mai fanka biyu. Wadda ta fito neman ta wata tsohuwar ungozoma ce da ta yi ritaya. Rabin masu jefa ƙuri'a a hannunta suka fara kuka, saboda haka ba ta tsoron kowa. Ita ce ta faɗa a bainar jama'a cewa Ciyaman bai san kuɗin albasa ba. Aka sa musu ranar muhawara, Asabar, ƙarfe huɗu.

Maganar albasar ta hana shi sukuni. Ran Alhamis, ƙarfe goma da kwata, ya yi abin da bai yi ba shekara goma sha tara: ya sauka daga mota ya shiga kasuwa da ƙafarsa, da littafi a hannu.

To, akwai wani ɗan abu da binciken bai lura da shi ba. Takardar izinin kowace rumfa a kasuwar ƙarshen watan nan take ƙarewa, kuma baƙin alƙalamin nan ne yake sabunta ta.

Ya tsaya gaban mai awo, ya nuna da yatsa. "Kai, bawan Allah, nawa kwanon shinkafa?"

Mai awo ya dubi shinkafa, ya dubi alƙalami, ya faɗi kuɗin da ake sayar da ita shekarar da ya yi aure. Ciyaman ya nemi ragi, aka rage masa. Mai mai ta cika masa kwalba har tana zuba, ta karɓi abin da ko murfin bai biya ba. Mahauci ya ce, "Haba, ranka ya daɗe, tsakaninmu har sai an yi ciniki? Kawo abin da ya sauwaƙa." Duk ya rubuta, da kyakkyawan rubutu, dole a yaba masa a nan. Ya fito yana mamakin yadda mutane suke son ƙorafi.

Ran Asabar aka taru a babban ajin makarantar firamare. Manya suka zauna a bencin yara, gwiwa kusa da haɓa. Ciyaman ya miƙe, ya gyara murya, ya buɗe littafi.

"Jama'a, bisa ga bincike, wanda ni da kaina na gudanar, babu tsadar rayuwa a wannan gari. Abin da ke akwai rashin iya ciniki ne. Matanmu, da girmamawa nake faɗa, suna shiga kasuwa babu ilimi, babu tsari, babu littafi. Ni na shiga da ilimi, ga abin da na samo."

Ya karanta farashin ɗaya bayan ɗaya. Wata dattijuwa a baya ta ce a maimaita na nama, ta ɗauka kunnenta ne ya fara mutuwa.

Kowa ya zaci ungozoma za ta ƙaryata shi. Ta tashi a hankali, ta dafa benci.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ni ban da ta cewa. Ashe laifinmu ne. Tun da kai ka iya, mu ba mu iya ba, ai magana ta ƙare. Daga jibi kai za ka riƙa yi mana cefane. Za mu kawo kuɗi daidai yadda ka karanta, ba ragi ba ƙari. Ko akwai wanda bai yarda ba?"

Aka ɗauki tafi. Ciyaman bai taɓa jin tafi ya ƙi shi ba. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, bisa ga bincike, shugabanci hidima ne.

Ran Litinin, ƙarfe takwas saura biyar, direba ya buɗe ƙofar gida ya tarar da kwanduna arba'in da uku a jere har bakin titi. Kowane da 'yar takardar abin da ake so, da kuɗi a ƙulle a gefen hankici. Na arba'in da huɗu matar Ciyaman ce ta fito da shi. Ta ce, "Maigida, ni ma mara ilimin ce. A sa nawa a gaba."

Mota ba ta ɗauke su duka ba, sai da aka yi sawu uku. Mai awo ya ga kwanduna, ya cire hula ya share goshi.

"Ranka ya daɗe, wancan kwano ɗaya ne, na gaisuwa. Wannan kuwa, ko mahaifiyata ce ta zo da su, sai dai mu zauna mu yi kuka tare." Ya faɗi kuɗin gaskiya.

Ciyaman ya zaro jan alƙalami zai gyara masa kuskure, sai ya waiga. Ungozoma tana zaune a inuwar rumfar da ke kallonsu, ita da mata shida, wai sun zo koyon ciniki. Hanya biyu ce ta rage masa. Ko ya ce littafin ƙarya ne, kujera ta tafi da motar da fankokin, ko ya cika giɓin daga aljihunsa. Ya mayar da alƙalami, ya zaro walat.

Dole a faɗi gaskiya, a makon nan rayuwa ta sauƙaƙa a unguwarmu. Tukwanen da suka manta kamannin nama suka sake ganinsa. Wannan ne aikin kwamitin na farko da aka gani da ido, aka kuma taɓa da cokali.

Ranar zaɓe ungozoma ta janye takara. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin shugaba mai amfani irin wannan ba, kuma zalunci ne a raba shi da jama'arsa. Aka zaɓe shi babu hamayya, shekara uku cur. Unguwar da ke maƙwabtaka da mu ta ji labari, har ta aiko wakilai da kwandunansu.

Litinin ɗin da ta wuce an gan shi a rumfar mai awo, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, kwando a kowane hannu. Aka gaya masa shinkafa ta sake tashi. Nan take ya fashe.

"Wai shin wannan wace irin rayuwa ce? Mutane suna shan wahala haka, ina hukuma take ne?"

Mai awo ya ci gaba da awonsa, ko kai bai ɗaga ba.

"Ga ta nan riƙe da kwando, ranka ya daɗe. Matso da shi in zuba."