Ranar Da Na Yanke Wa Zomanya Hukunci

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kusa sa a yanka zomanyar Ladi, don kawai ina jin nauyin in ce ban sani ba.

A shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira ne. Ina zaune gidan Kawuna a Unguwar Shanu, ina aiki a ma'aikatar gona. Aikina buga tafireta, ko kaza ban taɓa dubawa ba. Amma da 'yan unguwa suka ji inda nake aiki sai suka laƙaba mini Malamin Gona, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu (har biro uku nake jerawa a aljihun gaba don sunan ya zauna).

A bayan gida akwai ɗan lambun da Inna, matar Kawu, take shuka alayyafo da yakuwa da salak. Da autarsu Ladi ta zo ta ɗaya a aji huɗu, Kawu ya sayo mata zomaye biyu, mace da namiji. Macen ta sa mata suna Fara. Kawu ya so kafinta ya buga musu keji, ni na hana, na ce a kimiyyance zomo ya fi son ƙasa. Aka kewaye musu kusurwar lambu da waya. Ba a yi sati biyu ba suka haƙa ta ƙarƙashinta suka cinye salak ɗin Inna tas. Daga ranar na yi kwana uku ina laluben nama a miyata ban samu ba.

Ran nan da safe Ladi ta zo tana kuka, wai Fara ba lafiya. Na je na tsaya a kanta, hannu a baya. Cikinta ya faɗa, gashin ƙirjinta ya zube har ana ganin fata. Tsakani da Allah ban san mene ne ba. Amma ga Kawu a tsaye yana jiran bakina, ga maƙwabcinmu tela ya leƙo ta katanga. Sai na yi gyaran murya na ce ƙazwa ce mai tsanani, tana kama kaji, tana ma iya kama mutane, don haka a yanka a binne tun ba ta yaɗu ba. (Har na ƙara da wata doguwar kalmar Turanci da na taɓa bugawa a takardar shanu.)

Kawu mutum ne mai girmama boko. Nan take ya ce a miƙo wuƙa. Ladi ta ƙanƙame Fara ta dube ni.

"Yaya, don Allah ka sake dubawa."

Na ce mata aikin lafiya ba ya son tausayi. A lokacin na so in janye maganata, amma bakin alƙalami ya bushe, ga tela yana kallo.

Kawu na wasa wuƙa a dutse sai Inna ta fito daga kicin tana goge hannu. Ita a wani ƙauye wajen Zariya ta tashi, ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba. Ta shafa cikin Fara, ta zagaya lambun a hankali, ta tsuguna a gindin zogale inda ƙasa ta yi laushi. Ta tona. Ashe rami ne aka toshe bakinsa da ƙasa da ciyawa. Ta zura hannu har gwiwa, ta ɗan jawo curin farin gashi, a cikinsa wasu 'yan jajayen halittu suna motsi, ido a rufe. Ladi ta ƙirga, bakwai.

Inna ta ce zomanya in za ta haihu ita ke tsige gashinta ta yi wa 'ya'yanta shimfiɗa, ta rufe ramin, sai lokacin shayarwa ta buɗe. Sannan ta juyo wajena.

"Malamin Gona, ga su nan su ma ba gashi. Ƙazwar ce, mu haɗa mu yanka duka?"

Dariyar tela har sai da ta fito da matarsa. Kawu ya ajiye wuƙa ya ce Allah Ya kiyaye, bai ko kalle ni ba. Na ji kamar in shige ramin nan Inna ta toshe da ni. Amma wallahi kunyar ba ta kai ajiyar zuciyar da na yi ba. Da wuƙar nan ta sauka, da 'ya'ya bakwai sun mutu da yunwa a ƙarƙashin zogale, ni kuma in riƙa yawo a unguwa ana cewa na ceci kaji.

Wata guda Ladi ba ta gaishe ni ba. Da ta huce sai ta ba ni ɗaya daga cikin 'ya'yan, wanda ya fi kowa ci da ɓarna, ta sa masa suna Malamin Gona.

Tun daga ranar na rage biro zuwa ɗaya. In aka tambaye ni abin da ya shafi dabba, ko ƙuda ne, sai in ce a tambayi Inna. Na gane cewa "ban sani ba" ba ta taɓa sa an wasa wuƙa ba.