Famfon da Kyaftin Ya Goge

"Ni fa ko ido rufe aka miƙo min kayan jirgi, da hanci zan gane lafiyarsa!"

Kyaftin ke nan, aboki. Bai taɓa hawa jirgi ba. Kayan mota yake sayarwa kafin yayan matarsa, mai ɗan kamfanin jiragen sama, ya ɗauke shi gwaji a ofishin sayen kaya. Sharaɗin ɗaya ne: ya yi ɓarna, ya koma rumfarsa.

Ran nan famfon man jirgi ya mutu, jirgi ya zauna a ƙasa. Kyaftin ya ɗora ƙafa kan tebur, ya kira dillalin kayan jirgi a waya.

"Sabo kake so, ko gyararre, ko cirarre daga wani jirgin?" in ji dillalin.

"Gyararre mana! Da yaro kake magana?"

"To, musaya ce. Mu aiko mai lafiya, ka mayar mana da mataccen naku."

"Ni za ka koya wa musaya?"

Famfo ya iso. Gogan naka ya dubi mataccen, baƙi ƙirin da dauɗa.

"Wannan zan aika? A ce kamfanin Yaya ƙazamai ne?"

Halin rumfa ya motsa. Ya samo fetur da buroshi, ya dirje shi har yana ɗaukar ido. Abin ya burge shi, sai ya cire takardar shaidar da ke rataye a jikin gyararren, ya jera su biyu, ya yi ta juya su a gaban ma'aikata.

"Wanne ne mataccen? Ku canka!"

Babu wanda ya gane. Har da shi.

Gumi ya karyo masa, amma sarkin cika baki ba ya tambaya. Ya shinshina wannan, ya shinshina wancan, duk warin fetur ɗin hannunsa suke. Ya zaɓi ɗaya ya aika.

Washegari injiniya ya duba lambar jikin wanda ya rage, ya dubi Yaya. "Alhaji, ai wannan ne na cire daga jirgi."

Yaya ya kira dillali, ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Mun gode fa!" in ji dillalin. "Ba a taɓa mayar mana da mataccen da ke aiki ba. Har mun sayar da shi."

"Yaya, bari in yi bayani..."

"Ba sai ka wahala ba, Kyaftin. Tunda hancinka na aiki, shinshino hanyar rumfarka."