Kalmomi Ukun da Suka Kashe Saje, Injin Shukar Baba

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma tsoron da ya fi baƙin cikin yawa, ni Simon Yamusa na Paikon Kore nake sanar da 'yan uwa, surukai, 'yan cocinmu da maƙwabtanmu Musulmi rasuwar Saje, injin shukar mahaifinmu. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a gindin mangwaron bayan gida, yana da shekara arba'in da 'yan kai a hannunmu. Baba bai sani ba tukuna.

Marigayin ya girme ni a gidan nan. Baba ya saye shi a gwanjo lokacin da wata gonar gwamnati ta watse, ya jawo shi gida da taraktar haya, rabin gari na biye da su. Ya sa masa suna Saje saboda duk irin da ya fita daga bakunansa tara, shinkafa ce ko dawa, a layi yake tsira kamar sojoji a fareti. Mai haƙuri ne, mai riƙon amana. Bai taɓa shan mai ba tunda jansa ake yi, bai taɓa cewa rana ta yi zafi ba, bai taɓa ɓoye mudu ɗaya na iri a aljihu ba. Aikin da mutum ashirin za su kwana biyu a duƙe suna yi, shi kafin azahar ya gama. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san muryarsa: cakar-cakar-cakar, sai tis-tis na iri yana faɗawa ƙasa. In kuwa sarƙa ta goce, sai ya yi ƙiiii, gwaf, ya tsaya cak har Baba ya zo ya lallashe shi.

Ya sha jinya, ba zan ɓoye ba. Shekara shida ke nan tsatsa na cin faifansa, taya ɗaya ta sace, wata kazar matata ta mai da akwatin irinsa ɗakin haihuwa. Gonar ma ta tsuke, masu gini sun ci gefe da gefe, har direban tarakta ya ce ba wurin juyawa. Duk da haka, kowace shekara kafin ruwan farko Baba sai ya shafa masa giris, ko da idonsa ya dushe, da laluben hannu yake yi. Amma ba jinyar ce ta kashe shi ba. Ni ne.

Makonni biyu da suka wuce aka kai Baba Dutse Alhaji, gidan ƙanwata Rita, don a cire masa yanar ido. Yana shiga mota ya riƙo hannuna ya ce, "Ka ji mini farashin Saje. Ji kawai. Ka ji ko?" Na ce na ji.

Na kuwa yi ƙoƙari. Wani bakanike a Gwagwalada ya ce in aka gyara shi zai haura miliyan. Wani ya ce babu mai sayen irinsa yanzu sai masu otal, su shafa masa fenti su dasa fure a akwatinsa. Na duba waya, na ga 'yan uwansa a ƙasashen Turawa da farashin da ban san yadda ake juya shi ba. Kullum sai in kwanta da lamba ɗaya in tashi da wata. Sai mai unguwa ya ce bari ya kawo mini Malam Mato, mai sayen tsofaffin ƙarafa, mutumin Katsina, shi ma mu ji ta bakinsa.

Ranar Talata suka zo, da Umar Farouk mai shagon bakin titi. Malam Mato dattijo ne mai farin gemu. Ya zagaya Saje sau biyu, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa ƙarfen yana kasa kunne, ya girgiza kai kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

"Oga, wannan ai gawa ce," in ji shi. "Sai dai kilo. Na saya dubu ɗari da hamsin."

Kowa ya san in an taya kaya kuma tayin bai yi ba, mai kaya cewa yake "albarka", shi ke nan, bai sayar ba. Ni ma na sani. Amma ni malamin firamare ne, Hausata ta aji ce da ta coci, cinikin gidanmu kuwa duk matata Kindness ke yi. Sai na ga jefa wa dattijo kalma ɗaya tsirara rashin ladabi ne, gara in sa mata riga da ƙarin kalmomi uku. Na gyara murya na ce, "Allah ya sa albarka."

"Amin, amin," ya ce, ya damƙe hannuna da hannu biyu. Ya juya wajen mai unguwa da Umar Farouk. "Kun shaida."

Kindness tana tsaye da tire na ruwan baƙi. A hankali ta ce, "Daddy, ka sayar da shi fa. Just like that."

Kafin in rufe baki Malam Mato ya cusa mini kafin alƙalami a aljihu, ya fito da sifana ya kwance sarƙa da giyar injin, ya sa a buhu ya tafi da su. A wannan lokacin ne rai ya yi halinsa. Washegari na bi shi har rumfarsa da kuɗinsa a hannu, na rantse, na roƙa, saura kaɗan in durƙusa. Ya ce, "Malam, ciniki ya faɗa. Na riga na yi alkawari da masu narka ƙarfe, motarsu na zuwa Asabar." Na koma wajen mai unguwa, shi kuma ya ce, "Simon, mun ji da kunne namu. Ka ce albarka, ka sa Allah a ciki. Wane mutum zai cire?"

Marigayin ya rasu ya bar garma biyu, baro mai ƙafa ɗaya, famfon feshi da ke yoyo, da kaza mai kwanci a kan ƙwai bakwai wadda har yanzu ba ta san za a tashe ta ba. Ya kuma bar ubangidansa, Baba Yamusa, mai shekara saba'in da takwas.

Waɗanda ba su san Baba ba za su ce ai sai a ba shi haƙuri. Baba ba ya faɗa, ba ya zagi, da yana yi da na samu sauƙi. Shiru yake yi. Ƙaninsa ya taɓa sayar da akuyarsa ba da saninsa ba, shekara uku suna zama benci ɗaya a coci Baba bai ce masa sannu ba. Akuya ke nan fa. Tun Talata waya na yin ƙara gabana ya faɗi, jiya a aji na rubuta kwanan wata a allo sau uku duk ba daidai ba. Tsoro nake ji, irin wanda rabona da shi tun ina ɗan shekara tara.

Da safiyar yau Rita ta kira. Aiki ya yi kyau, an cire bandeji, Baba har yana karanta kalandar bango. Sannan ta ce, "Brother, Baba ya ce kar price ɗin ya dame ka. Kai zai bar wa Saje, tunda kai kaɗai ka zauna gida kana noma. So yake ya san kimarsa kawai, ya ba sauranmu wani abu, kar a ce ya yi son kai." Na yi shiru har ta ce, "Hello? Network ne?" Na ce mata network ne.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe Malam Mato zai zo da mai yankan ƙarfe, a sassare marigayin a gindin mangwaro, a ɗora a sikeli, a loda a mota. Babu wanka, babu likkafani, babu zaman makoki. Motar da za ta dawo da Baba kuwa za ta taso daga Dutse Alhaji ƙarfe bakwai, in babu cunkoso a Zuba tara da rabi yana gida. Ban taɓa roƙon Allah cunkoson Zuba ba sai wannan makon.

Ina roƙon duk wanda wannan sanarwa ta riska kada ya kai wa Baba labari, kada kuma a bar masa waya a kusa. Da bakina zan faɗa masa, a mararrabar shiga gari, kafin ya hango mangwaron. Ba a buƙatar kujeru ko gudummawa. Mai son ya taimaka ya zo kafin tara ya tsaya kusa da ni a bakin hanya. Shekara biyu Baba bai ga fuskata sosai ba, ranar Asabar zai gan ta tar.

Sanarwa daga Simon Yamusa, a madadin kansa shi kaɗai, domin iyali ba su da hannu a ciki.