Farfesa da Ƙugiyar Ƙashi

Duk wanda bai san Farfesa ba, to bai taɓa karaya ba. Shi ne mai ɗorin nan na shago na uku a layin masu walda, mai farar riga irin ta likitoci da biro uku a aljihu, ko da yake ba a taɓa ganin ya rubuta ko alif ba. Ɗori kam ya iya, gadonsa ne, ba mai ƙwace masa. Farfesancin ne dai ba a san jami'ar da ta ba shi ba. Wata safiya aka wayi gari da shi a allon shago, unguwa ta ce Allah ya sanya alheri.

Bana ƙungiyar ƙwallon gari ta ce tana neman mai kula da 'yan wasanta in sun ji rauni. Farfesa ya ƙwallafa rai, har ya fara gwada yadda zai ruga cikin fili da jaka ana tafi. Shugaban ƙungiyar ya ce mai so ya kawo takarda.

"Takarda?" in ji Farfesa ga masu walda, yana gyara biro. "Gadi nake nema? Mutum irina shafin intanet yake turawa. Duniya ta yi gaba, ku kuna nan kuna hura ƙarfe."

Ya samo wani kamfanin haɗa shafi a waya, mai tsarin farashi uku: na Zinare, na Azurfa, da wani can ƙasa da ko suna ba a ba shi ba, kuɗinsa bai kai na bandeji biyu ba. Shi ya ɗauka. Sharuɗɗan da ke ƙasa da ƙananan haruffa kuwa bai karanta ba, don babban mutum ba ya sunkuyawa. Ya tura hotonsa da kalaman da ya kwana uku yana sassaƙawa: "FARFESAN ƘASHI. Shekara talatin hannunmu na cikin ƙashi. Na yaro da na babba, sabo ko wanda ya daɗe. Muna zuwa har gida."

Ranar da shafin ya fito, ya miƙa wa matarsa wayar kamar mai miƙa kambu. Ita malamar firamare ce, ta shekara ashirin tana jan kunnen yara a kan haruffa. Ta karanta, ta sake karantawa, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Malam, ƙugiyar ta faɗi. Duba, ƙa ɗin duk ya koma ka. Kashi aka rubuta."

"Malama, intanet ba allon ajinki ba ne. Manyan ƙasashe ba sa ƙugiya. Mai hankali zai gane."

"Araha dai ba ta ado," ta ce, ta koma kan tsintar shinkafarta.

Farfesa bai saurara ba. Ya buga kati ɗari biyar da adireshin shafin, ya raba har ga wanda bai tambaya ba, ya aika wa shugaban ƙungiya guda goma.

Ashe cikin sharuɗɗan nan akwai cewa kamfani zai liƙa tallace-tallace daidai da kalmomin shafi. Na'ura kuwa ba ta san gado ba, abin da ta gani take bi. Sai ga Farfesa a tsakiya da farar rigarsa yana murmushi, damansa maganin gudawa, hagunsa bututun masai, ƙarƙashinsa wata ƙatuwar motar yasar shadda.

Waya ta fara ruri. Na farko ya tambayi nawa ake kwashe rami guda. Na biyu ya ce nasu ya cika har yana tumbatsa. Masu walda, waɗanda ya ɗora wa rabinsu yatsu, suka koma toshe hanci in ya wuce, suna "Farfesa, an dawo daga aiki?" Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don sana'ar mahaifinsa ce ake yi wa dariya, kuma shi ya kai ta kasuwa da hannunsa.

Ya rubuta wa kamfanin wasiƙa mai zafi, da barazanar lauya. Babu mutum a can, na'ura ce ta amsa cikin ladabi: haruffa masu ƙugiya na tsarin Zinare ne. Cire talla, na Zinare. Gyara kanun shafi, na Zinare. Ya ce to a rufe shafin. Aka ce ai shafin mallakar kamfani ne, sai shekara ta zagayo.

Duk da haka bai karaya ba, ya ce shugaban ƙungiya mutum ne mai ilimi, zai gane. Ranar Laraba kuwa sai ga kiran shugaban. Farfesa ya miƙe tsaye, ya ɓalle maɓallin riga ya sake ɓallawa, ya buɗe muryar wayar don masu walda da Malama, wadda ta kawo masa abinci, su ji da kunnensu.

"Ranka ya daɗe, Farfesa ke magana."

"Madalla. Mun ga shafinka, kwamiti ya yaba ƙwarai. Mai ɗori dai mun ɗauka tun jiya, wani ne da ya kawo takarda. Amma ban-ɗakin filin wasa ya fi wata biyu a toshe. Yaushe za ka shigo da motar?"