Yadda Za Ka Canja Rumbun Kwamfutar Surukinka

Idan tun zamanin neman aure ka bari gidan surukai suna kiranka Injiniya don kawai ka taɓa saita wa wani agogon waya, to yau ranarka ce. Kwamfutar teburin Baba ta ƙi tashi, sai wani ƙas-ƙas take yi daga ciki, ya kuma ce a kira masa mijin 'yarsa. Bi matakan nan. Na ba ka tabbacin kwamfuta za ta tashi, kai ma ka fito da hularka a kanka.

1. Shiga da fuskar likita

Durƙusa ka gaida Baba, sannan ka kara kunne a jikin akwatin kamar mai sauraron ƙirjin majiyyaci. Girgiza kai a hankali. Ka ce rumbun ajiya ne ya mutu, wato ɗan ƙarfen nan mai girman sabulu da ke riƙe duk abin da aka zuba a kwamfuta. Ba sai ka ce mai shagon da ya sayar maka da sabon ne ya gaya maka ba. Ilimi ba ya tambayar ta ina aka shigo da shi.

2. Cire wuta

Za ka manta. Matarka za ta tuna maka daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa. Ka ce dama yanzu kake shirin cirewa.

3. Buɗe murfi

Nemi sukudireba. Baba zai kawo maka wanda bakinsa ya cinye, ya jawo kujera ya zauna har gwiwarsa na taɓa kafaɗarka. Kwance sukurorin baya, ka zame murfin. Za ka tarar da ƙurar shekaru ta yi wa fanka bargo. Kada ka hura da baki. Idan ka riga ka hura, bari atishawar ta lafa, ka ce haka ake gwada iska.

4. Fitar da mamaci, shigar da sabo

Wayoyi biyu ne a bayan rumbun, faffaɗa da siririya. Ɗauki hotonsu kafin ka zare, amma ka yi kamar saƙo kake dubawa. Zaro tsohon, tura sabon a gurbinsa, mayar da wayoyin. Wadda ta ƙi shiga juya ta, kada ka gwada mata ƙarfi. Rufe, mayar da wuta, soka filashin da mai shago ya ba ka don ɗora manhaja, sai jira. A nan Baba zai buga wa maƙwabcinsa waya yana yabonka, kana ji. Sha yabon nan da sauri, ba ya daɗewa.

5. Tambayar da babu ita a shago

Allo zai haska, fes, babu komai a kai. Baba zai gyara tabarau ya matso, ya ce:

"To madalla. Buɗo min hotunan mamanku."

Mama ta rasu bara. A lokacin za ka gane abin da yake kunna kwamfutar yana kallo kullum bayan ya karya. Kada ka ce suna hanya, kada ka ɗora wa wuta laifi. Ajiye sukudireba ka gaya masa sabon rumbu fanko yake zuwa, hotunan suna cikin wanda ya mutu.

Zai ɗauki tsohon rumbun, ya goge shi da hannun riga, ya ce, "Amma dai tana ciki?"

Ka ce tana ciki, fitowar ce ba ka iya ba. Wannan ne karon farko da ka ce ba ka iya ba a gidan nan, kuma rufin ɗaki ba zai faɗo ba. Zai sa rumbun a aljihun gaba ya dafe shi da tafin hannu.

6. Matsa gefe

Matarka za ta fita tsakar gida ta share ido, ta kira yayyenta ɗaya bayan ɗaya. Kafin shayi ya huce wayarta ta cika: Mama da jika a cinya, Mama tana shanya, Mama rabin fuska don mai ɗauka bai iya ba. Aikinka ka kwashe ka zuba a sabon rumbu, Baba na gaya maka labarin kowane hoto. Akwai waɗanda bai taɓa gani ba. Kada ka yi saurin wucewa.

Can za ku iso kan wani da Yaya Babba ta ɗauka a ɓoye ranar da ka fara zuwa gidan: kai a durƙushe kana zufa, Mama na harararka ta saman tabarau. Baba zai yi dariya har da tari, ya ce wannan za a sa a fuskar allo. Sa masa. Gobe da safe da hararar nan zai karya kumallo, da ƙeyarka a gefe.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin kwamfuta ne kawai. Babu ruwansa da firjin maƙwabci, da rediyon kawun matarka, da injin markaɗen da aka riga aka jingine maka a bakin ƙofa. Ranar da aka ce ka leƙa injin mota, kada ka neme ni.