Hoton Lawal Da Da'ira Ta Yanke

Ko zan manta da komai ba zan taɓa mantawa da ranar da muka buɗe shafin intanet na ƙungiyarmu a Safana ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse cikin ƙasa.

Lawal abokina ne tun na yarinta, ɗan acaba. Shi ke kwaso marasa lafiya daga ƙauyuka zuwa asibitin Batsari lokacin da kowa ke tsoron hanya. A hanyar Wagini 'yan bindiga suka tare shi, suka tafi da babur da waya, aka kawo mana gawa. Mu samarin unguwa muka kafa ƙungiyar taimakon 'yan gudun hijira da sunansa. Da aka ce ana son shafi don mutanen birni su gani su taimaka, na yi caraf na ce ni zan yi (ni da na gudu daga makaranta a aji biyu na sakandare, na taɓa faci, na taɓa cajin waya, ba wanda na zauna a kai).

Na sauko da tsarin shafi na kyauta, irin wanda ke zuwa a ɗinke kamar rigar kanti. Abu biyu ya rage in canja: hoton mai shafi, da ɗan mitsitsin tambarin da ke fitowa can sama kusa da sunan shafin. Lawal ba ya son hoto. Guda ɗaya nake da shi, na wata Sallah, mu uku, shi a gefe, ni a tsakiya na ɗaga yatsu biyu na wage baki. Shi na ɗora a duka wuraren biyu. Komai a waya na yi, kuma a waya tsarin ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Ban damu in gwada a kwamfuta ba. Na riga na fara sa yara suna ce mini Injiniya.

Ranar buɗewa muka taru a wani ajin firamare. Malam Kabiru, malamin da aka turo daga Katsina, ya kawo kwamfutarsa. Sai ga Inna, mahaifiyar Lawal, wadda ke zaune gidan ƙanenta tun da suka baro ƙauye. Tun ranar jana'iza ban iya zuwa gabanta ba. Lawal ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, ko kukansa ba ta yi a gaban mutane ba. Cewa ta yi wucewa take ta ga taro. Kowa ya san an gaya mata za a nuna fuskarsa.

Malam ya buɗe shafin. Ashe tsarin yanka hoto yake ya mai da shi da'ira, tsakiya kaɗai yake bari. Ga rubutu, Marigayi Lawal, Allah Ya jiƙansa. A samansa ga ni nan, haƙora waje.

"Injiniya, yaushe ka rasu ba mu ji ba?" in ji wani daga baya.

Malam Kabiru ya nuna ɗan tambarin sama da biro. "Nan ma kai ne, ɗan'uwa. Haƙoranka ne kawai suka samu shiga."

Wasu suka fara dariya, suka tuna Inna na nan, suka haɗiye. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin kwamfutar. Ta daɗe. Sannan ta ɗora yatsa a gefen da'irar, kan kafaɗata, inda wani hannu ya dafa ni.

"Wannan hannun abokinka ne," ta ce. "Ga tabon lauje nan."

Na durƙusa, na lalubo cikakken hoton a wayata na miƙa mata. "Inna, ki yafe mini."

Ta kalli hoton, ta goge shi da bakin mayafinta, ta sake kallo.

"Kai dai ɗan nan, tun kuna yara ba ka bari a ga kowa," ta ce. "Shi kuma ga shi nan kai yake kallo yana murmushi."

Ranar ta yi kukan da ta riƙe. Wayar a wurinta ta kwana.

Washegari Malam ya koya mini yadda ake yanke hoto kafin a ɗora, muka sa fuskar Lawal a wuraren biyu. Yanzu ba na miƙa aiki sai na gan shi a babban gilashi. In kuma aka zo ɗaukar hoto, can gefe nake tsayawa, in rufe bakina.